Ganyen da Kasimir Ya Ɗaure

Kasimir Nehu ya rasu ranar wata Asabar, cikin watannin da teku ke kwanciya, a ƙofar gidansa da ke bakin ruwa a tsohuwar Waisu. Ya haura saba'in, amma babu mai iya faɗin shekarunsa daidai, don littafin baftisma na cocinmu gara ta daɗe da cinye shi. Tun muna ƙanana muke tare. Wata rana muka kama kaguwa guda ɗaya, muka gasa, muka raba biyu. Daga ranar ban ƙara kiran sunansa ba, shi ma bai ƙara kiran nawa ba. Kaguwa nake ce masa, Kaguwa yake ce mini. Yanzu da na zo rubuta Kasimir sai da hannuna ya tsaya, kamar zan yi maganar wani baƙo.

Aikinsa ya gada ne daga ubansa. Duwatsun murjani sun yi wa gaɓar Waisu shinge, ƙofa ɗaya ce tak a cikinsu, karkatacciya, ba ta fi faɗin kwale-kwale biyu ba. A wancan zamanin duk mai zuwa Jayapura daga Vanimo ta ruwa yake bi, kuma dole ya tsaya a wurinmu, saboda muna da marmaro mai ruwan sanyi, daga nan kuma babu wani mafaka sai an tsallake iyaka. Kasimir kan hau wani baƙin dutse da ke gefen ƙofar, riƙe da katantanwar teku irin babbar nan da ake busawa. Sai ya yi ta ƙirga igiyar ruwa. In ya busa gajere sau biyu, a jira ke nan. In ya ja busa ɗaya doguwa, sai a shigo da gudu kafin babbar igiya ta biyo baya.

Masu jirage sukan tsokane shi daga can waje.

"Kawu, busa mana mana, yunwa za ta kashe mu."

"Shigo yanzu," in ji shi, "kifi ya ci ka kafin ka ci shi."

A duk shekarun da ya yi a kan dutsen nan, jirgi ɗaya ne ya fashe, shi ma mai jirgin ya sha giya ne ya ƙi jira.

Wata rana sai ka ƙirga jirage goma sha biyu a kan yashi. Matarsa Perpetua na da murhu a ƙarƙashin wani mangwaro, tana sayar da kifi banda da tuwon sago, garin da muke fitarwa daga cikin wani itace mai kama da giginya. Sauran mata na da buai, wato irin goronmu na taunawa, da ayaba da ɗanyar kwakwa. Ana cinikin da kina, kuɗinmu, ana yi da rupiya ta ƙetaren iyaka, babu mai tambaya. Kasimir ba ya karɓar kuɗin busa. Wani ya miƙa masa taba, wani galan ɗin fetur, wani sabuwar riga daga Jayapura. Ba shi da tsawo, amma in yana magana a taro, har karnuka kan yi shiru.

Wannan ƙarfin maganar tasa shi ya ja masa.

Shekarar da masu awon hanya suka zo, 'yarsa Rosela ba ta gama firamare ba. Suka ce gwamnati za ta yi hanyar mota daga Vanimo har iyaka, wadda za ta haɗe da ta wancan ɓangaren. Awonsu ya gangaro ta ƙasan tudu, ya ratsa gonar kwakwa, ya goga maƙabarta, ya bi ta kan marmaro, sannan ya koma daji. Aka tara mu a harabar coci. Kansila Bonifas, wanda a lokacin saurayi ne mai son sabon abu, ya ce a bar su su wuce. Kasimir ya miƙe.

"Ina so wani ya faɗa mini," ya ce, "tun kakanninmu, me ya taɓa zuwa mana ta daji? Alade da sauro. Gatari ta ruwa ya zo. Fadan coci ta ruwa ya zo. Shinkafa, injin, maganin zazzaɓi, duk ta ƙofar nan suka shigo. Yanzu mu ba da marmaronmu a zuba masa tsakuwa don wata mota ta wuce? Hanyar ƙasa ai ta zuwa gona ce."

Aka yi dariya, aka yi tafi. Ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi zafi.

Washegari da safe ya yanki reshen tanget, wata shuka mai jan ganye, ya ƙulle ganyen saman, ya je wuyan tudu inda ƙasar gidansu ta fara, ya kafa shi a tsakiyar turba. Wurin matsatsi ne, dutse a dama, fadamar sago a hagu. Kowa ya san ma'anar ƙullin. Mai ƙafa zai iya raɓawa ya wuce, amma ba a sara, ba a haƙa, ba a ƙetare shi da aiki, kuma hannun da ya kafa shi ne kaɗai zai tuge. Cikin masu awon akwai ɗan ƙasa. Da ya gani sai ya yi wa shugabansu bayani, suka naɗe igiyarsu, suka karkatar da hanyar ta bayan tudu, tafiyar awa guda a ƙafa daga gari. Muka yanka alade. A wajen cin naman wani ya ce ganye ɗaya na Kasimir ya kori gwamnati, shi kuwa yana ta murmushi, yana goge mai a gemunsa.

Aka yi shekara huɗu ana aikin hanya, mu ba mu ji komai ba sai rurin katafila daga nesa. Aka zuba kwalta. Kasuwar Batas ta buɗe a kan iyaka, sau uku a mako. Motocin haya suka fara zirga-zirga, kuɗin mota bai kai rabin kuɗin fetur ɗin jirgi ba, kuma kaya ba sa jiƙewa. Jirage goma sha biyu suka koma bakwai, suka koma uku. Na ƙarshe shi ne na Tarsis, ɗan ƙanwar Perpetua. Ranar da ya zo ban kwana ya tsaya yana wasa da hularsa.

"Kawu, na sayar da jirgin. Bas zan saya."

"Kai da ba ka iya tuƙa baro ba?"

"Zan koya. Mota ba ta jiran teku ta kwanta, Kawu."

"Za ka dawo," in ji Kasimir. "Duk za ku dawo. Bari kwaltar ta fara ramuka."

Kwaltar ta yi ramuka, aka like, ba su dawo ba.

Mata ne suka fara bin masu saye. Su ɗauki sago da kifi a baya, su haye tudu, su baza a bakin kwalta. Suka kafa rumfuna don rana. Daga baya wasu suka ce hawa da sauka ya ishe su, suka yi wa rumfunan bango. Mazansu suka bi su. Makaranta ta koma can, don malamai sun ce su ba za su riƙa hawan tudu ba. Aka fara cewa Waisu ta Hanya da tsohuwar Waisu, daga baya ma aka daina cewa ta Hanya.

Ba zan yi ƙarya ba, mutane sun ji daɗi. Wanda ya shuka koko ko banila ya sami mai saye a iyaka. Rosela da ta girma ta yi aure ta buɗe kanti, tana sarin taliya da shinkafa da robobi a Batas, ta rufa gidanta da kwano, ta sa 'ya'yanta a sakandare a Vanimo. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama, cikin awa ɗaya tana asibiti, ba sai an zauna ana duban teku ba kamar yadda aka yi da uwata. Kasimir ya ga duk wannan, bai taɓa cewa ba shi da kyau ba. Abu ɗaya yake so, shi ne a yi duk wannan ɗin a Waisu, a bakin ruwa, ya sake jin hayaniya a ƙarƙashin mangwaron nan. Tun daga lokacin har ya mutu bai so wani abu ba bayan wannan.

Tanget kuwa ya kama ƙasa. Ƙullin ya bushe ya faɗi tun shekarar farko, amma reshen ya yi saiwa, ya yi rassa, ya fi mutum tsawo. Babu wanda ya manta na wane ne.

Da Perpetua ta kwanta ciwo, a kan makarar gora muka ɗauke ta zuwa bakin hanya, mu huɗu muna canji. Kasimir na tafe a gefe yana riƙe da laima a kan fuskarta. A wuyan tudu dole muka karkata makarar don mu raɓa tanget, jajayen ganyen suna shafar ƙafarta. Ta yi kwana tara a asibiti ta cika. Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinta, awa ɗaya ba za ta canza komai ba. Na maimaita masa wannan ya fi sau goma. Kullum sai ya ce, "Na ji, Kaguwa," ya ci gaba da gyaran komarsa.

Rosela ta yi ta fama da shi ya koma wurinta.

"Baba, na yi maka ɗaki. Akwai tankin ruwa, akwai wutar sola. Me kake tsaro a nan?"

"Ƙofa."

"Ƙofar da ba mai shiga?"

"Ranar da wani zai zo, wa zai busa masa? Mijinki? Shi da in ya hura wuta sai ya yi tari?"

Ta yi dariya, ta share hawaye, ta ajiye masa buhun shinkafa ta tafi.

Kowace safiya yakan hau baƙin dutsen da katantanwarsa, ya zauna har rana ta yi zafi. Duk shekara in iskar damina ta wuce, ya shiga ƙaramin kwale-kwalensa ya sake kafa turakun da ke nuna bakin ƙofar. Ni ma daga baya na tashi, matata ta matsa, gwiwoyina kuma sun gaji da tudu. Ranar da nake ɗaure kayana ya zo ya taya ni. Ya ɗaure tukwane da kyau, irin ɗaurin jirgi. Gidaje shida suka rage a tsohuwar Waisu, duk tsofaffi, sai coci da Fada ke zuwa sau ɗaya a wata. Ina zuwa masa ranar Lahadi. Wata Lahadin ban zuwa.

Ana nan sai Kansila Bonifas, wanda shi ma ya yi furfura, ya same ni ya ce in raka shi. Gwamnatin lardi ta ba da katafila ta kwana uku don a yi wa ƙauyuka 'yan hanyoyin da za su haɗa su da kwalta. Direban ya je ya duba wuyan tudu, ya ce shi yana da 'ya'ya, ba zai taka tanget ɗin wani ba ko an ninka masa albashi. Babu kuma ta inda za a kewaye.

Muka tarar da Kasimir yana ɓare kwakwa. Bonifas ya yi bayani a hankali, don ya san abin da yake roƙo. Tuge tanget ba a ɓoye ake yi ba. Sai an tara duk gidajen da aka tare wa hanya, mutum ya tuge da hannunsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su buai. Ga mai shekarunsa, wanda aka yanka wa alade saboda wannan ganyen, abin ba ƙarami ba ne.

Kasimir ya ajiye kwakwar.

"In hanya ta sauko," ya ce, "za su dawo?"

"Me zai hana, Baba?" in ji Bonifas. "Ga ruwa mai kyau, ga iska, ga kifi. Can sai ƙura da hayaƙi."

"Kai ɗan siyasa ne." Ya juyo gare ni. "Kaguwa, kai fa?"

Na san matata ba za ta dawo ba. Na san Rosela ba za ta bar kantinta ba. Amma na dubi fuskarsa, na ga yadda ya riƙe addar, sai na ji bakina ya ce, "Za su dawo, Kaguwa."

Wannan kalma ita ce nake kwana da ita har yau.

Ranar da aka sa, mutane suka cika wuyan tudu. Tanget ya zama kurmi guda, saiwarsa ta shige ƙarƙashin duwatsu. Kasimir ya tuɓe riga ya kama haƙa da sandar tono. Samari suka matso za su taimaka, ya daka musu harara suka ja baya. Tun ana raha har aka daina. Wata tsohuwa, Kolumba, wadda wasa ke tsakaninsu, ta ce, "Mijina, da ka san za ka tuge ai da ba ka zuba masa taki ba." Ya ce, "Ke dai riƙe mini buai, kar ki cinye." Rana ta take tsaka kafin saiwar ƙarshe ta saki. Ya faɗi zaune, tafin hannunsa duk jini. Ya huta kaɗan, ya miƙe, ya ɗauki jakarsa ya fara bin mutane. Duk wanda ya miƙa wa buai sai ya ce, "Ni na tare, ni na buɗe." Wasu sun karɓa suna kallon ƙasa. Da ya zo kan Rosela sai ta riƙe hannun nasa ta ƙi saki.

Kwana ukun da katafila ke aiki bai zauna ba. Ya share filin gari shi kaɗai. Ya nome ciyawar ƙarƙashin mangwaro, ya sake jera duwatsun murhun Perpetua, ya yashe marmaro, ya gyara bencin da masu jirage kan zauna a kai. Har ya auna wani wuri kusa da coci ya ce nan motoci za su riƙa juyawa.

Motar farko da ta sauko babba ce, ta ɗaukar kaya. Ya ji ƙararta tun daga tudu, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya a inda jar ƙasar hanyar ta haɗu da yashi. Da ta ɓullo daga cikin kwakwa sai ya ɗaga katantanwa ya ja busa ɗaya doguwa. Ina wurin. Na daɗe ban ji ta da ƙarfi haka ba.

Motar babu kowa a bayanta sai samari huɗu da guduma da igiya. 'Ya'yan Kolumba ne. Sun zo kwance gidan uwarsu. Turakun gidan na katako ne mai nauyi wanda ba a iya hawa tudu da shi a kafaɗa, shi ya sa tun da can aka bar su, shi ya sa ita ma ta zauna. Yanzu mota na zuwa har ƙofa.

Cikin mako biyu gidajen nan biyar suka tafi, da turakunsu da kwanonsu da tsofaffinsu. Waɗanda suka tashi tun da daɗewa ma suka zo suka kwashe abin da suka bari. A ƙarshe aka zo ɗaukar ƙararrawar coci. Kasimir ne ya nuna musu yadda za su sauke ta, don shi ya rataya ta.

"Ku sa mata katifa a ƙasa," ya ce, "kar ta tsage a kan gargada."

Muka tsaya muna jin ta tana ɗan kaɗawa a bayan mota har ta haye tudu. Na rasa inda zan sa idona. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya riga ni.

"Bari, Kaguwa. Ƙofar ruwan ma haka take, ta inda aka shigo ta nan ake fita. Shekara nawa ina kallonta? Mantawa na yi." Ya juyo ya dube ni. "Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Tun ranar na gani a hancinka."

"To me ya sa ka tuge?"

"In ban tuge ba, ai sai in mutu ina cewa da na tuge da sun dawo."

Ya ƙara shekara huɗu a can, shi da karensa da kaji. Wani lokaci ma'aikata daga Vanimo kan zo wanka ranar hutu, ya tare su da kwakwa, ya fara ba su labarin ƙofa, su ɗauke shi hoto su shiga ruwa kafin ya kai ƙarshe. Duk Asabar Rosela kan aiko da shinkafa da sukari a bas ɗin Tarsis. Shi da Tarsis suka mai da abin wasa. Tarsis ba ya shigowa kai tsaye, sai ya tsaya a bakin kwakwa ya danna oda, ya jira. Wata rana Kasimir ya busa gajere sau biyu don neman tsokana, ya bar shi a tsaye, sannan ya ja doguwar.

Asabar ɗin ƙarshe Tarsis ya danna oda ya jira. Ya sake dannawa. Ya ce ya ɗauka Kawu na wasa ne, har ya tauna buai guda ya gama. Sannan ya kashe mota ya taka da ƙafa. Ya same shi zaune a benci ya jingina da turken gida, fuskarsa na kallon ƙofar ruwa, katantanwa a cinyarsa. Shayin da ke gefensa bai gama hucewa ba.

Ranar jana'iza bas bakwai suka sauko, da manyan motoci biyu. Waisu duka ta zo, har jikokin da ba su taɓa ganin marmaron ba. Motocin suka juya daidai wurin da ya auna. Mata suka hura wuta a murhun Perpetua, yara suka cika yashi suna guje-guje, tsofaffin masu jirage suka zauna a bencinsa suna gardamar wanda ya fi tsoron ƙofar. Na tsaya a ƙarƙashin mangwaro ina saurare. Hayaniyar da ya yi shekaru yana jira ce, babu abin da ya ragu a cikinta. Aka binne shi kusa da matarsa. Kafin rana ta yi sanyi direbobi suka fara danna oda, kowa ya nemi kujerarsa.

Rosela ta ba ni katantanwar. Na gwada, numfashina bai kai ba, sai wani huci kawai. Tana rataye a ɗakina.

Rassan tanget ɗin da ya tuge, katafila ta ture su gefen hanya a wuyan tudu, can suka sake kama ƙasa. Duk mai sauka yana ganin jajayen ganyensu ta tagar mota. Lahadin da ta wuce na ce wa Tarsis ya tsaya a wurin. Na yanki reshe ɗaya, ya kai ni har maƙabarta, ya jira ni a mota. Na kafa shi a wajen kan Kaguwa, na ɗebo ruwan marmaro na zuba masa. Ban ƙulle ganyen ba.